Yadda muka haɗa wa Kawu kayan sauti yana da shekara 72

Kawuna, yayan mahaifiyata, shekararsa 72 lokacin da ya kira ni a waya yace in shigo Kaduna akwai maganar da yake so mu yi ido da ido. Na ɗauka zancen gado ne ko na auren autarsa, da na je ashe kayan sauti yake so. Ba rediyon jin labarai ba, wannan tana nan a gefen gadonsa tun tuni, na gaske yake nufi, amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da sifiku da abin juya faifai, irin wanda mutum zai zauna a gabansa ya yi shiru ya saurara. Ya sayar da wani fili da ya saya tun shekarun 1980 a bayan gari, ya ba yara abin da zai ba su, ya ware na Umara shi da Hajiya, sauran yace wannan nasa ne kuma ga abin da zai yi da su. Kuɗin za su sayi ƙaramar mota ta hannu mai lafiya. Ni ya nema saboda na yi shekaru ina aikin haɗa sauti a gidan rediyo, to shi ne nake so in rubuta yadda aka yi tun daga farko, don na san akwai dattawa da yawa masu irin wannan burin amma kunya ta hana su faɗa.

Sai ka san daga ina burin ya fito kafin ka gane sauran labarin. Kawu ya shiga aikin masaƙa a Kakuri a 1971 yana ɗan shekara 19, ɗakin injinan saƙa aka fara kai shi, ya yi shekara 14 a wurin kafin ya koma ofis. Da kuɗin Udoji na ƙarin albashin ma'aikata suka fito a farkon 1975, lokacin Gowon, abokansa masu sayen keke suka saya, masu babur suka saya, wasu suka ƙara aure, shi kuwa ya je ya ɗauko amfilifaya Sansui da sifiku biyu na katako da abin sa faifai. Yace min a duk layinsu a Tudun Wada ɗakinsa ne majalisa, in an taso aiki a taru a sa faifan kalangu ko na kukuma, wani lokaci na Indiya, har a kira isha'i. Kayan sun lalace tun a shekarun 1990, masaƙar ma ta rufe daga baya ya koma kasuwancin atamfa, amma faya-fayen bai yar da ko ɗaya ba, suna cikin wata akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, sun haura 200, ga kaset-kaset na tafsiri da ƙira'a da waƙoƙin da ya ɗauka daga Rediyon Kaduna cike da kwali uku. Abin da ya faɗa min ke nan ranar farko: "Ɗana, muryar nan nake so in sake ji yadda na ji ta da, kafin Allah ya yi nasa ikon."

Kafin ya neme ni an riga an yi asara sau biyu. Na farko babban ɗansa ne ya ji yana zancen, ya je kasuwa ya sayo masa hom tiyata mai sifiku shida, an rubuta 5000W da manyan baƙaƙe a jikin kwalin, ga fitilu shuɗaye suna walƙiya. Niyya ce mai kyau wallahi. Amma Kawu ya kunna sau biyu yace wannan ta gidan biki ce, in ta buga bes, sautin nan mai kauri, har kofin shayi motsi yake a kan tebur amma abin da mawaƙi ke cewa sai ka kasa kunne. Na juya bayanta na nuna masa takardar da aka manna, wutar da take sha gaba ɗaya ba ta kai wat 100 ba, to ta ina za ta fitar da 5000? Wannan lambar da ake kira PMPO ta talla ce kawai, wat na gaskiya shi ne wanda aka rubuta RMS, kuma a faɗi a kan om nawa aka auna, wato yadda sifikar ke tare wutar.

Asara ta biyu ta fi ciwo. Wani ya kawo masa tsohuwar amfilifaya tokumbo da abin faifai daga Amurka, kaya masu nauyi masu kyau da gani. Wutar Amurka bolt 120 ce tamu kuwa 230, jikansa ya zo da zumuɗi ya jona kai tsaye ba taransifomar rage wuta, ko minti ɗaya ba a yi ba hayaƙi ya tashi. Abin faifan ya tsira, aka samo masa taransifoma, amma da aka sa faifai sai muryar mawaƙin ta fito da kauri tana jan ƙafa kamar mai jin barci. Kawu ya ɗauka faya-fayen ne suka tsufa, har ransa ya ɓaci. Ba su ba ne. Motar irin waɗannan tsofaffin tana bin bugun wutar gari ne, ta Amurka 60 Hz, wato bugu 60 a daƙiƙa, tamu 50 Hz, ke nan faifan da ya kamata ya juya 45 a minti sai ya koma 37 da rabi, mai 33 ya koma wajen 28, taransifoma kuwa bolt take gyarawa ba ta taɓa Hz. Alhazai masu tsarabar irin wannan kaya su ma su lura, wutar Saudiyya 60 Hz ce. Ingila da Dubai ne irin namu, 230 da 50, har kan soket ɗin mai baki uku iri ɗaya ne.

Da na zauna da shi kwana biyu sai na lura da wani abu da ya fi duk wannan. In Hajiya ta yi masa magana daga kicin sai yace "na'am?" sau biyu, talabijin kuma a sama yake sa ta, kuma in muna hira kunnen dama yake juyo min. Sannan ya yi wani ƙorafi da ya tsaya min a rai, yace alarammomin yanzu ba sa fitar da haruffa, shi ba ya bambance sinun da sadi a bakinsu. Na san alaramman da yake nufi, haruffansa tas suke fita. Nace Kawu, Allah ya ƙara lafiya, kafin mu kashe ko kwabo ina roƙon alfarma ɗaya, mu je a duba kunne. Ya ɗaure fuska yace shi kurma ne? Nace a'a, amma in za a ɗinka wa mutum babbar riga ai sai an auna shi, ba a ɗinkawa da awon da aka yi masa yana saurayi. Ya yi shiru, washegari da safe shi ya fara shiga mota.

Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa muka je, nan cikin Kaduna. Da farko sai da aka cire masa dauɗar kunne da ta taru, wannan kaɗai yace ya ji duniya ta buɗe. Sannan aka sa shi a wani ɗan ɗaki mai shiru aka ɗora masa abin ji a ka, ana sako ƙara siririya yana danna maɓalli in ya ji, daga mai kauri 250 Hz har zuwa mafi siranta 8000. Takardar da aka ba mu ta nuna daga ƙasa har zuwa 1000 kunnensa ba laifi, daga 2000 layin ya fara gangarowa, a daidai 4000 ya yi rami mai zurfi, na hagu ya fi na dama. Likitan ya kalli takardar ya tambaye shi ko ya taɓa aiki a wurin injina masu ƙara. Kawu ya yi murmushi yace shekara 14. Wannan ramin na 4000 shi ne tambarin da ƙarar inji ke bari a kunne, ga tsufa kuma ya hau kai, don shi tsufa daga sama yake fara cin ji. Yaro ƙarami yana iya jin daga 20 Hz zuwa 20,000, wanda ya manyanta kuwa saman nan ya tafi, kuma 'yan gashin da ke can cikin kunne masu kama sauti in sun mutu ba sa sake tsirowa. Haruffa irin su s da sh da ts da f a can sama suke zaune, shi ya sa sinun da sadi suka cakuɗe masa. Kuma ba shi kaɗai ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya tace sama da kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka haura 60 suna fama da raunin ji mai takura musu.

A mota muna dawowa bai ce komai ba har muka kusa gida, sannan yace "to ke nan muryar da nake nema ba za ta dawo ba." Gaskiya na ji tausayinsa sosai. Nace Kawu ba duka ba, amma yawancinta tana nan. Muryar mutum da kalangu da kukuma da garaya, jikinsu duk a tsakiya yake, daga ɗaruruwan Hz zuwa 'yan dubbai kaɗan, kuma nan ne kunnenku ya fi lafiya. Su kansu faya-fayen nan da aka ɗauka a shekarun 1960 da 1970, da kaset ɗin da aka ɗauka daga rediyo, ba su da wani abin kirki a can sama sai shuuu. Abin da ya canza shi ne irin kayan da za mu nema, ba za mu biya kuɗin abin da kunnenku ba zai amfana da shi ba, za mu zuba su inda zai ji.

Daga nan sai ɗaki. Shi a babban falo yake so a ajiye, inda baƙi za su gani. Na tsaya a tsakiyar falon na tafa hannu sau ɗaya, ƙarar ta yi ta yawo tana dawowa, ƙasa tayil, bango siminti da fenti mai sheƙi, silin POP, tagogi manya na gilas, ba abin da zai sha sauti. A irin wannan ɗakin ko sifikar miliyan nawa ka kawo abin da zai iso kunnenka rabi daga sifika ne rabi daga bango, kuma mai raunin ji shi ya fi kowa wahala da amsa-kuwwa don ita ke cakuɗa haruffa. Hajiya ma ba ta so, da na ce sifika sai an janye ta daga bango ta ce a falonta? ga jikoki kullum suna guje-guje. Ita ce ma ta kawo shawarar ɗakin da ke kusa da turakarsa wanda aka mayar sito, kamar mita 5 da 4. Muka kwashe tarkace, aka shimfiɗa kafet mai kauri da soso a ƙasa, labule mai nauyi har ƙasa, aka dawo da kantar littattafansa bangon baya, kujerar kushin ɗaya da darduma. Na sake tafawa, tas ɗaya ta tsaya. Abin da muka kashe a nan bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin ba amma ni a wurina ya fi canjin amfilifaya tasiri nesa ba kusa ba.

Wuta kuwa kowa ya san halin da ake ciki. Gidan akwai sola da inbata amma ta mai araha ce, irin wadda wutarta ba santsi take fita ba, fanka ma ƙugi take yi a kanta, amfilifaya mai babbar taransifoma in ka jona a irin wannan za ta yi ta gurnani tana zafi. Muka canza zuwa mai santsin wuta, wadda ake kira fiyo sayin, aka ja layi ɗaya zuwa ɗakin, aka sa abin kare tsallen wuta. Da mai wayarin ya buɗe soket sai muka ga wayar at ɗin ma, mai kai wuta ƙasa, ba a haɗa ta da komai ba, aka kafa sandar tagulla a bayan ɗaki aka haɗa. Doka ɗaya na kafa, ba a jona kayan nan a janareto, kuma in hadari ya taso da damina a zare filogi gaba ɗaya.

Wurin da aka fi daɗewa shi ne zaɓen sifika. Nace ba za mu saya da hoto ko da abin da wani ya faɗa a YouTube ba, sai kunnensa ya ji, kuma da kayansa ba da waƙar da mai shago ya zaɓa ba. Na ɗauki abubuwa biyar na zuba a filash, ƙira'a ɗaya, tafsiri ɗaya daga kaset, waƙar kalangu mai 'yan amshi, ta kukuma, da wata ta Indiya mai muryar mace siririya. Muka sauka Legas wurin wani dila da ke da ɗakin gwaji. Ya fara kunna mana wasu dogaye masu tsayin mutum, tuwitarsu, ɗan bakin da ke fitar da siririn sauti, ta ƙarfe, su ne mafi tsada a wurin, kuma ni kaina na ɗauka irinsu za su dace da shi, tunda saman ne ya rasa to a ba shi mai kaifin sama. Minti goma na farko ya ji daɗi, yace ga haruffa sun fito. Kafin rabin awa ya fara yamutsa fuska yana taɓa kunnen hagu yace a rage. Aka rage yace kuma ba ya ji. Wannan abu sananne ne ga kunnen da ƙara ta taɓa, ƙaramin sauti ba ya jinsa, in an ɗan ƙara kuma nan da nan ya zama mai zafi, tazarar da ke tsakanin "ban ji ba" da "ya yi yawa" ta matse. Ga shi kuma sifikun ba sa rufa wa tsohon kaset asiri, duk shuuu da ƙaiƙayin tef sun fito da shi gaba har ya danne malamin.

Na biyu wasu 'yan ƙanana ne masu kyau, murya tas, amma kalangun ya rame, yace kamar ana buga gwangwani. Na uku su ne Wharfedale Linton, kamfani ne da aka kafa a Ingila a 1932, akwatin katako mai faɗi irin fasalin da, kowace tana da baki uku, ufa mai inci 8 ta sauti mai kauri, na tsakiya mai inci 5 wanda aikinsa murya kawai, da tuwita mai taushi ta yadi. Aka sa waƙar kalangun. Ina kallonsa, bai ce komai ba, sai na ga ɗan yatsansa ya fara bugun hannun kujera, da 'yan amshi suka karɓa sai leɓensa ya fara motsi yana bin su. Aka gama yace a maimaita. Mun yi kusan awa biyu a kansu bai ce a rage ba ko sau ɗaya. Dilan yana ta ƙoƙarin mayar da mu kan dogayen, yana cewa Alhaji ai girmanku na waɗancan ne, Kawu yace masa "yaro, ni kunnena na kawo ba girmana ba." Kuɗinsu bai kai rabin na dogayen ba. Ba ina cewa su ne suka fi kowace sifika ba, wani dattijon da kunnensa daban wataƙila dogayen zai ɗauka, amma dabarar zama awa guda a kan kowace ita ce ta cece mu, don abin da ke burge kunne a minti biyar sau da yawa shi ke gajiyar da shi a awa ɗaya.

Amfilifaya kuma nan muka ɗan yi sa-in-sa da shi. Ya taɓa zuwa gidan wani abokinsa a Abuja ya ga mai kwalabe, irin masu jan haske a duhu, ta shiga ransa. Sautinta da daɗi ban musa ba. Amma nace Kawu ku tuna watan Maris da Afrilu a Kaduna, kwalaben nan zafi suke fitarwa kamar rushi, suna shan wuta ko ana kiɗa ko ba a yi, batirin inbata zai ji a jikinsa, kuma suna ƙarewa sai an canza, in ɗaya ta mutu sai an aiko daga waje, mai gyaran da ya san kanta ma sai an tona. Mutum mai shekara 72 abin da zai danna ya kama yake buƙata. Sannan da yawa daga masu tsadar nan an cire musu maɓallin bes da tirebul na siririn sauti da balans na raba sauti tsakanin hagu da dama, wai don sauti ya fita tsantsa, to wannan ra'ayin masu lafiyayyen kunne ne, shi da kunnen hagu ya fi rauni balans wajibi ne a wurinsa. Muka tsaya a kan Yamaha A-S1200, wat 90 kowane gefe a om 8, tana da duka maɓallan uku, tana da wurin jona abin faifai, ga allurai biyu a gaba masu rawa da kiɗa irin na kayan da. Allurorin nan su suka gama shawo kansa. Ya tambaya ko 90 ba ta yi kaɗan ba tunda ya saba jin dubbai. Nace sifikun nan da wat 1 kacal suna ba da desibel 90, ma'aunin ƙarfin ƙara ke nan, in kana mita ɗaya daga gare su, kuma duk ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, sai ka ninka sau goma kafin kunne ya ce ƙara ta ninku. Yanzu in yana saurare allurar da ƙyar take wuce wat 1.

Abin faifai Technics SL-1200MK2 muka samu na hannu, ɗiyarsa da ke aure a Ingila ta saya ta aiko. A 1979 aka fara yin wannan samfurin, aka daina a 2010, ba bel a cikinsa balle ya narke da zafi, kuma gudunsa da kwatz irin na agogo yake daidaitawa ba ruwansa da bugun wutar gari. Sabuwar allura muka sa. Faya-fayen kuwa sai da muka yi sati muna wanke su ɗaya bayan ɗaya da tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, ba asid ba, da ɗigon sabulu, a goge da tattausan ƙyalle bin zagayen layi, a jingine su a inuwa su bushe, ƙurar hunturu ta shekara talatin ce a cikin ramukan. Kaset-kaset ɗin ban yarda a ci gaba da juya su ba don tef ɗin ya yi rauni, wani tsohon mai gyaran rediyo ya tayar min da dek ɗaya na juya kaset, na kwashe su zuwa kwamfuta a hankali ba tare da matse su zuwa MP3 ba. Jikokin sun so a sa masa abin da ake sarrafawa da manhajar waya, na gwada shi kwana biyu, rubutun ƙanana, yau a ce sabunta gobe a ce netwok, ya ajiye wayar yace shi ba zai roƙi yaro ba duk lokacin da zai ji karatu. Sai muka ɗauki Marantz CD6007, tana cin faifan CD kuma tana da bakin filash a gaba, na yi filash huɗu na ɗaura wa kowanne zare mai launi daban, kore ƙira'a, fari tafsiri, ja kalangu, baƙi sauran. A rimot ɗin na ɗiga jan farce a kan maɓalli uku da yake buƙata. Na kuma roƙe shi ya daina auna kayan da abin da ake turowa a WhatsApp, don wannan an riga an matse shi an zubar da rabi tun kafin ya iso.

Waya ba mu ɓata kuɗi ba. Dilan ya fito da wata a cikin akwati mai kuɗin buhunan shinkafa da yawa, nace a'a, mita uku-uku ne kawai, tagulla zalla mai kauri 2.5 ta wadatar. Abin lura ɗaya, kasuwa cike take da ta alminiyon da aka shafa wa launin tagulla, ka kankare silin da wuƙa, in cikin ya fito fari ka ajiye musu abarsu. Abin da ya ci mana kuɗi ba shiri shi ne faɗuwar naira, tun da aka saki farashin dala a watan Yunin 2023 duk abin da muka tambaya yau in muka koma bayan sati biyu ya tashi, dole muka haƙura da wasu abubuwan, har da sabufa, sifikar bes, da ya so a ƙara, wanda ni dama ban ga amfaninta a kan kalangu ba.

Ba kowa ne ya ji daɗi a gidan ba, kar in ɓoye. Ɗaya daga cikin 'ya'yan ya same ni a gefe yace Yaya wannan ba almubazzaranci ba ne, tsoho da ya kamata ya riƙe carbi? Nace masa mutumin nan shekara 50 yana ciyar da gida, ya aurar da ku duka, ya sauke farali, bai ci bashin kowa ba, kuma rabin abin da zai saurara Alƙur'ani ne da tafsiri. Da mota ya saya da kuɗin da ba wanda zai ce uffan sai ma a zo taya murna, alhali gwiwarsa ba ta barinsa tuƙi. Abin da mutum zai yi amfani da shi kullum awa biyu uku a sauran kwanakinsa ni ban ga ɓarna a ciki ba, kuma har yau ra'ayina ke nan.

Ranar da aka haɗa, na ɗora sifikun a kan ƙafafunsu, na janye su kamar rabin mita daga bango, tsakaninsu mita biyu da 'yan kai, kujerarsa ma haka daga kowace, tuwita daidai kunnensa in ya zauna, na ɗan karkato su suna kallonsa. Da aka jona abin faifai sai ga wani huuum, ashe 'yar siririyar wayar at ɗinsa ce ban ɗaure a bayan amfilifaya ba, ina ɗaurewa ya ɗauke. Na sa ƙira'a, nace ya rufe ido ya nuna min inda alaramma yake. Ya nuna dama. Na murɗa balans kaɗan kaɗan zuwa hagu har yatsansa ya dawo tsakiya, na ɗaga tirebul ɗan taƙi, na sa alama da fensir. Sai ya buɗe ido yace "ga shi nan zaune a gabana." Na saka masa manhajar auna ƙara a wayar jikansa muka duba, yana sauraro a wajen desibel 75, nace to kar a wuce nan sosai, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya desibel 80 ne na awa 40 a sati, kuma abin da ya rage a kunnen nan shi ne jarinmu.

Na koma bayan wata biyar. An yi masa na'urar taimaka wa ji, yana sa ta in zai fita ko ana hira, amma in zai ji kiɗa cire ta yake yace tana tauna sautin, nace in ya koma asibiti ya roƙa a saita masa tsarin kiɗa a cikinta don yawancinsu suna da shi. Hajiya ta ɗinka wa kowane kaya rigar atamfa saboda ƙura, kuma na tarar an ƙara kujera ta biyu a ɗakin da filash na biyar mai zare ruwan ɗorawa, waƙoƙin bege ne nata. Tsofaffin abokan masaƙa su uku suna zuwa duk Asabar bayan la'asar. Saura abu ɗaya da ban cika masa ba, a ƙasan akwatin ƙarfen akwai faifai biyu masu nauyi na garmaho, masu gudun 78, na mahaifinsa ne, kakana ke nan, Technics ɗin kuwa 33 da 45 kawai yake juyawa kuma allurarsu ma daban ce mai kauri. Ya naɗe su a tsohon rawani ya ajiye a saman kanta. Da zan tafi ya rako ni har bakin get yace "ɗana, maganar faifan Baba fa?" Nace in sha Allahu kafin azumi, na riga na samu wanda zai ara min injin.